Uwa Ma Ta Iya Awo: Abin da Masu Bincike Suka Gano Kan Lafiyar Ƴaƴanmu



Ƙasarmu tana cikin wuraren da aka fi yin bincike kan lafiyar ƙananan yara a Afirka, musamman jahohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso. Da yawa daga cikinmu sun taɓa ba da amsa ga masu riƙe da takarda da biro: wata nawa yaron, me ya ci jiya, ya yi zawo cikin sati biyun nan? An ɗora ƴaƴanmu kan sikeli, an kwantar da su kan allon awon tsawo suna ta tsala ihu. Abin da aka gano kuwa an rubuta shi da Turanci da Faransanci, an karanta a Paris da Jeneba, amma ba kasafai yake komowa ƙarƙashin bishiyar da muke zubi ba. Shi ya sa a wannan fitowa muka ɗauko kaɗan daga ciki, waɗanda muke ganin za su yi mana amfani a gida da kuma wurin taron asusu.

Bari mu fara da labari mai daɗi. A shekarar 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 226 ba sa kaiwa shekara biyar. Zuwa 2009 adadin ya sauko 128. An buga wannan a 2012 cikin wata babbar mujallar likitoci ta Ingila mai suna The Lancet, kuma duniya ta yi mamaki, don ba a zaci ƙasa mai ƙarancin hali irin tamu za ta yi wannan saurin ba. Da masu binciken suka duba dalili, sai suka ga sange mai magani, da kula da tamowa, da bitamin A, da kai yaro likita in ya kamu da zawo ko masassara ko ciwon haƙarƙari. Ƙananan ɗakunan shan magani da aka gina a ƙauyuka sun taimaka, haka ma dokar 2006 da ta ce a duba yaran da ba su kai shekara biyar ba kyauta. To amma ku sake duba jerin nan. Wa ke ɗaura sange da dare? Wa ke goya yaro ta taka zuwa likita cikin rana? Kusan kowane abu a ciki sai ya bi ta hannun uwa kafin ya isa jikin yaro. Kuma 128 ɗin nan ma ba ƙaramin adadi ba ne, ba mai gidan da bai san zafinsa ba.

Igiyar Mirya

Waɗanda suka ga shekarar 2005 ba za su manta ba. A shekarar nan ƙungiyar likitocin Na-gari Na-kowa, wato MSF, ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar nan, akasarinsu a jahar Maraɗi. Abin da ya sa aka iya ɗaukar yara masu yawa haka shi ne abin nan da muke kira biskit, wanda sunansa na kamfani Plumpy'Nut. Gujiya ce aka niƙa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, ba ya buƙatar ruwa ko wuta. Kafin zuwansa, yaro mai tamowa sai an kwantar da shi asibiti makonni, uwa ta bar gida da gona da sauran yara. Da biskit, yawancin yara a gida suke warkewa, sai dai a riƙa kai su awo kowane sati. Yanzu ma a Yamai ana yin shi.

Magani ya samu ke nan, amma matsala ɗaya ta rage: yara suna isowa a makare. Yaron da aka kawo tun yana iya cin abinci, biskit ya ishe shi. Wanda aka kawo bayan ya daina ci, jiki ya yi sanyi, ga zawo ga masassara, shi sai gadon asibiti, kuma a nan ne ake yawan rasa su. To wa zai gano yaron da wuri? A da aikin ma'aikatan sa kai ne na gari, su zaga da ma'aunin dantse, igiyar nan mai launi uku da ma'aikatan likita ke kira PB. Amma mutum ɗaya ba zai shiga kowane gida kowane sati ba, ga shi kuma shi ma yana da gonarsa.

Sai ƙungiyoyi biyu da ke aiki a Mirya, ALIMA da kuma BEFEN ta ƴan ƙasa, suka yi tambayar da ya kamata a ce an yi tun tuni: me zai hana a ba uwa igiyar? Akwai masu shakka, suna ganin macen da ba ta shiga lakkol ba ba za ta iya awo ba. Aka fara da ɗan ƙaramin gwaji, aka kwatanta awon uwaye da na ma'aikata. Uwaye suka yi daidai sosai wajen faɗin launi. Aka kuma gano wani abu da ya sauƙaƙa aikin: ko hannun dama ko na hagu, ko an auna tsakiyar dantsen da ma'auni ko an kintata da ido, sakamakon kusan ɗaya ne.

Daga nan aka faɗaɗa. Tsakanin 2013 da 2014, a yankin Dogo, aka koya wa mata sama da 12,000 yadda ake awo, aka bar wa kowace igiyarta. A yankin Takieta kuma aka ci gaba da tsohon tsari na ma'aikatan gari. Bayan shekara aka kwatanta. A Dogo yara sun riƙa isowa likita tun tamowar ba ta ci jikinsu sosai ba. Cikin yaran da aka karɓa bisa awon dantse, waɗanda suka buƙaci a kwantar da su asibiti tun ranar farko ba su kai ɗaya cikin ɗari ba a Dogo, alhali a Takieta sun kusa takwas cikin ɗari. Kuma tsarin uwayen ya fi arha nesa ba kusa ba.

Kada a ɗauka wannan yana nufin ma'aikatan gari ba su iya aikinsu ba. Bambancin a wurin kusanci yake. Uwa ce ke yi wa yaro wanka kullum, ita ke jin nauyinsa a bayanta. Dama ta san lokacin da ya fara raguwa. Abin da ta rasa shi ne shaidar da za ta nuna wa maigida, da uwar miji, da ita kanta, cewa wannan ba fitar haƙori ba ce, lokacin tafiya ya yi. Igiyar ita ce shaidar.

Wannan dabara da aka gwada a ƙauyukan Damagaram yanzu ta bazu ƙasashe da yawa, kuma lokacin annobar korona a 2020, da aka rage zagayen ma'aikata, ita UNICEF da sauran ƙungiyoyi suka ƙarfafa a bi.

Ga yadda ake yi, ga wadda ba ta taɓa gani ba. Awon na yara ne daga wata shida zuwa shekara biyar. Ki cire wa yaro riga, ki bar hannunsa ya sauka a sake. Ki zagaya igiyar a tsakiyar dantse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ki zura bakinta ta cikin ramin, ki ja har ta kwanta kan fata. Kada ki matse har naman ya tattare, kada kuma ki bar ta tana lilo. Sai ki duba launin da ya fito a ƴar tagar. Tsanwa, alhamdu lillahi, a ci gaba da kula. Ruwan ɗorawa, yaro ya fara ramewa, a kai shi a duba cikin kwanakin nan. Ja, wato ƙasa da milimita 115, ba a kwana da shi ana shawara.

Akwai awo na biyu da ba ya buƙatar igiya, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. Ki danna saman ƙafafun yaro biyu da manyan yatsunki, ki ƙirga uku a hankali, ki ɗaga. In rami ya zauna a duka biyun, wannan kumburin tamowa ne, ko da igiyar ta nuna tsanwa. Irin wannan yaron yana ruɗar mutane ƙwarai, don ana ganinsa kamar ya yi ƙiba, har a riƙa yaba kumatunsa. Shi ma ranar za a kai shi.

Sai mu faɗi gaskiya kan abin da ke hana tafiya, don ba rashin sani ba ne kullum. Akwai kunya. A garuruwanmu da yawa, in yaro ya rame sai a fara kallon cikin uwar, a ce kwanika ta yi, ko a ce ƙazama ce, ko ba ta iya reno ba. Mace ta gwammace ta rufe yaron da zane ta yi ta ba shi jiƙo da ta bi layin biskit kowa na kallonta. A ganinmu nan ne asusu ya fi kowace ƙungiya ta waje ƙarfi. In mata ashirin da biyar ko talatin suna auna ƴaƴansu gaba ɗaya ranar zubi, har da ɗan shugaba da jikan ma'ajiya, ba wadda za a nuna da yatsa. Ya zama al'ada, kamar ƙirga kuɗin akwati a gaban kowa.

Abu ɗaya kuma game da biskit, kuma mun san maganar ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Magani ne, an ƙirga shi daidai da nauyin yaron. In an raba shi da yayye, ko aka ɗanɗana wa baƙo, ko ya tsinci kansa kan tire a kasuwa, yaron zai daɗe bai tashi ba, wani ma ya koma baya. Ba mu ce babu dalili ba. Uwar da ke da yara huɗu masu jin yunwa, wuya ne ta ba ɗaya sauran na kallo. Amma wannan matsalar tukunyar gida ce, kuma ita ce ta kawo mu maganar kuɗi.

Kuɗi kaɗai yana isa kwanon yaro?

Mu da muke tara kuɗi kowane sati, wannan tambayar tamu ce. An yi bincike biyu a nan gida da suka amsa ta, kuma amsar ba ta zo yadda muke so ba.

Na farko a Madarunfa aka yi shi a 2011, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, kan yara ƴan wata 6 zuwa 23. Wasu gidaje aka ba su kuɗi kaɗai, wasu abincin yara na musamman kaɗai, wasu kuma aka haɗa musu duka biyun. Inda aka haɗa, yaran da suka faɗa tamowa sun kai kusan rabin na sauran wuraren. Ba wuya a gane dalili. In gida yana da abin sayen hatsi, abincin yaron yakan tsaya a bakin yaron. In babu, kowa ya sa hannu.

Na biyu ya shafi shirin tallafin gwamnati da Bankin Duniya ya mara wa baya, wanda ake ba mata jika goma kowane wata har shekara biyu. A wasu ƙauyukan Doso da Maraɗi kuɗin kaɗai aka bayar. A wasu kuma aka haɗa da taron wata-wata da ziyarar gida, ana tattauna shayarwa, abincin yaro, tsabta, wasa da yaro, da yadda ake tsawata masa ba da duka ba. Da aka zo dubawa, inda aka ba kuɗi kaɗai cimar gidan ta gyaru, amma ba a ga canjin a wurin ƙananan yaran ba. Inda aka haɗa da tattaunawa, yara sun samu abinci iri-iri fiye da da, iyaye sun canza yadda suke reno, an kuma ga ɗan ci gaba a natsuwar yaran da yadda suke hulɗa da mutane. Sai dai tsawo da nauyinsu bai canza ba. Masu binciken ba su ɓoye wannan ba, mu ma ba za mu ɓoye ba. Tsumburewa, wadda ta shafi kusan yaro ɗaya cikin biyu a ƙasar nan, tana da saiwa da yawa: lafiyar uwa tun tana da ciki, auren wuri, haihuwa kusa-kusa, ruwan sha, zawo mai yawan komowa. Ba ta kau da shekara biyu na wa'azi.

Amma darasin farko ya isa mu tsaya a kansa. Riba tana shigowa gida, a sayi akuya, a gyara ɗaki, a yi wa ɗiya kayan ɗaki, duk daidai ne. Ɗan wata tara kuwa yana nan da kununsa na jiya, tsararo, ruwa ya fi gari yawa. Ba mugunta ba ce. Shi ne kaɗai a gidan da ba ya iya cewa a ƙara masa. Cikinsa ƙarami ne, bai fi ɗan ƙoƙo ba, saboda haka abin da zai shiga dole ya zama mai kauri, wanda ba ya zubowa daga cokali da sauri. Cokali ɗaya na garin ƙuli-ƙuli ko na wake ko na busasshen kifi, ɗan mai, garin zogale, ƙwai in kaza ta yi. Mu da muke sayar da ƙwai a kasuwa mu sayo magi, ya kamata mu yi wannan lissafin da kyau. Kuma a ba shi nasa kwanon. Yaron da ke ci tare da yayyensa a akushi ɗaya, kafin ya kai loma biyu an side.

Kafin wata shida kuwa, nono kaɗai. Mun sani, a zafin watan Afrilu a Tawa, ka ce wa kaka kada a ba jariri ruwa, kamar ka ce a bar shi ya mutu ne. Amma nonon kansa kusan duk ruwa ne, kuma ruwan randa da bauri su ne ƙofar zawo. Uwar ce za ta sha ruwan, ta ƙara ba shi nono. Dakashi kuma, nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ne kariyar farko da jariri ke samu. Wannan magana ba da matasan uwaye kaɗai za a yi ta ba, don ba su ke yanke hukunci a ɗakin jego ba. Iyayenmu da ke cikin asusu, ku ne masu wannan aikin.

Game da wasa da yaro, akwai wani bincike daga nesa da ya cancanci a ambata. A ƙasar Jamaika, cikin shekarun 1980, an riƙa ziyartar gidajen yara tsumburarru kowane sati har shekara biyu, ana nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da hira da su, da kayan wasan da aka ƙera a gida. Bayan shekara ashirin aka nemo yaran. Waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ba a ba su dukiya ba, hira ce da wasa. Mu kam muna da tashi da gaɗa da tatsuniya, da gwangwani da ƴan duwatsu. Goyon da ke bayanki kina daka yana jin ki, ki riƙa faɗa masa sunan abin da kike yi.

Damina

Tamowa da masassarar cizon sauro lokaci ɗaya suke zuwa, daga Yuli zuwa Oktoba, daidai lokacin da hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, mu kuma muna gona. Kowace tana buɗe wa ɗayar ƙofa. Tun 2013 aka fara rabon maganin kariya na damina a ƙasar nan, wanda ake kira CPS, aka soma da wurare irin su Magarya, Madawa, Buza, Madarunfa da Gidan Runji. Na yara ne daga wata uku zuwa shekara biyar. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen Sahel sun nuna yana hana kusan uku cikin huɗu na kamuwa da masassarar.

Inda ake samun matsala sananne ne. Maganin na kwana uku ne kowane wata. Na ranar farko masu rabo ne ke bayarwa a gabansu. Na rana ta biyu da ta uku a hannunmu ake bari, kuma a nan ne yake ɓacewa: yaro ya tofar don ɗaci, ko a manta, ko a adana wai sai ranar da jikinsa ya yi zafi. Wannan na ƙarshen shi ya fi muni, don maganin na kariya ne, ba na jinya ba. Yaron da ya riga ya kamu, gwajin jini yake buƙata da wani magani daban. Ƙarfin kariyar kuma bai wuce sati huɗu ba, shi ya sa suke komowa kowane wata, kuma wanda ya tsallake zagaye ɗaya a buɗe yake a watan nan. Ga dabara mai sauƙi: kwana biyun da ke bin rabo, kowace mace ta leƙa maƙwabciyarta ta asusu ta tambaya, kin ba shi na yau?

Allurar rigakafin masassarar cizon sauro ma ta iso, an ƙaddamar da ita a Gaya a 2024. Ba ta maye gurbin sange ko CPS, ƙari ce a kansu. Ku tambaya a likitarku ko ta iso yankinku.

Madarunfa ta sake ba duniya wani abu. A can aka gwada wani rigakafin zawon rota, na ɗigawa a baki, wanda ke jure zafi ko ba firiji. Jarirai sama da 3,500 ne suka shiga, kuma sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna yana hana kusan biyu cikin uku na zawon rota mai tsanani. Rigakafin rota dai yana cikin na yau da kullum da ake ba jarirai, saboda haka a riƙe karne da kyau, a cika shi.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne binciken azitromisin. A jahar Doso, tare da wasu yankuna na Malawi da Tanzaniya, an riƙa ba yara daga wata ɗaya zuwa shekara biyar wannan magani sau biyu a shekara, ko suna ciwo ko ba sa yi. Sakamakon 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari a Nijar, fiye da sauran ƙasashen biyu. Aka sake wani a Doso da Tawa, wanda ya fito a 2024, aka samu raguwar kashi 14 inda aka ba dukan ƴan ƙasa da shekara biyar. Rayuka ne masu yawa. Amma masu binciken da kansu sun ga cewa a garuruwan da aka raba shi, ƙwayoyin cuta sun fara sabawa da irin wannan magani, kuma wannan ne ya sa ake tafiya da shi a hankali, ƙarƙashin kulawar ma'aikatar lafiya. Muna roƙonku, kada wata ta ji wannan labari ta je wurin mai tallar magani a kan kai ta ce a ba ta. Abin da aka auna da nauyi ko tsawon yaro aka ba shi sau biyu a shekara daban yake da kafson da ya sha rana a kasuwa.

Tun da muna maganar gwaji, ku sani duk wadda aka nemi ɗanta ya shiga bincike tana da haƙƙin a yi mata bayani da Hausa har ta gane: mene ne za a ba shi, me zai iya biyo baya, wa za ta nema in wani abu ya faru. Tana iya cewa a'a, ko ta fita daga baya, kuma wannan ba zai hana a duba ɗanta a likita ba. Ku kuma tambaye su yaushe za su komo su faɗi abin da suka gano.

Akwatin taimako

Tun da aka kafa asusun Mata Masu Dubara na farko a jahar Maraɗi a 1991, ƙungiyoyi da yawa suna ware ɗan zubi na taimako ban da na bashi. Yawanci suna da biki da rasuwa ne ke cinye shi. Muna ganin lokaci ya yi da kowace ƙungiya za ta zauna ta yanke magana a fili kan yaron da igiya ta nuna ja ko ƙafarsa ta kumbura. Duba yaro kyauta ne a doka, amma kabu-kabu ba kyauta ba ne, haka abincin mai jinya, kuma duk mun san akan je a tarar wani maganin ya yanke, a rubuto takarda a ce a sayo. Mace ba za ta jira ranar zubi ba, kuma masu riƙe da makullai ba lalle suna gari ba. Wasu hanyoyin da za a iya bi: a bar ɗan kuɗi ƙayyadadde a hannun mace ɗaya amintacciya, wanda za ta iya fitarwa ko da tsakar dare, a yi lissafi daga baya gaban kowa. A yanke tun yanzu ko kyauta ne ko bashi marar riba, don kada a tsaya gardama yaro na kwance. A kuma yi magana da mai babur ɗaya ko biyu na gari, a daidaita farashi tun kafin buƙata ta taso.

Akwai kuma abin da ba kuɗi ba. In aka kwantar da yaro, uwa takan yi kwanaki ba ta gida, kuma tunanin wa zai dafa wa sauran, wa zai yi mata noma, shi ke sa wasu su gudo da yaro kafin a sallame su. Ƙungiyar da ta iya raba kwanakin girki da na gona tsakanin mambobinta ta ɗauke wannan nauyin.

Maigida fa? A gidaje da yawa sai da izininsa ake fita. Gara a nuna masa igiyar tun yaro na tsanwa, a bayyana masa ma'anar kowane launi, a nemi izinin tun yanzu: in ta nuna ja kana daji ko kana ci-rani, zan tafi. Wasu ƙungiyoyin za su fi jin daɗin gayyato maigari ko liman a yi maganar sau ɗaya gaban mazan gari.

Igiyar kanta ba a saye take da tsada ba, kuma a wurare da yawa ana ba da ita kyauta. Shugabar ƙungiya ta je wurin majo na likitar yankinku ko ma'aikacin sa kai na gari ta nemi a zo a koya muku ranar zubi. Koyon ba ya cin lokaci, zama ɗaya ya isa. In ba a samu ta kowa ba, ko guda biyu a ajiye cikin akwati tare da littafin lissafi. Kada a naɗe ta da ƙarfi ko a bar ta a rana, don in ta karye ko launin ya koɗe awon ba zai yi daidai ba, sai a nemi sabuwa. A gida a riƙa awo kowane sati ko sati biyu, musamman daga farkon damina zuwa kaka, da kuma duk lokacin da yaro ya tashi daga zawo, masassara ko ƙyanda.